Bangon Ɗakin Auta

Duk wanda ya tashi a unguwar nan ya san Balbela, ko da bai taɓa yin magana da shi ba. Dogo ne siriri, baƙi wuluk, amma tun daga hular kansa har yatsun ƙafa farar ƙasa ta yi masa ɗigo-ɗigo. In ya taho da safe yana tura baro, tsani a kafaɗa, yana ɗaga dogayen ƙafafun nan a hankali don kada bokitai su yi ɓari, ba sai an faɗa maka dalilin sunan ba. Sunan ya bi shi har cikin gida. Matarsa ma, in ranta ya ɓaci, da shi take kiransa.

Shafen farar ƙasa ita ce sana'arsa, kuma kada ka kuskura ka kira shi mai fenti. Fenti a wajensa rigar roba ce, bango ba ya numfashi a cikinta. A bayan gidansa akwai wani tsohon duro inda yake jiƙa farar ƙasar. In ya zuba mata ruwa sai ta hau tafasa ba wuta ba itace, tana huci tana tururi, shi kuwa ya ja baya ya naɗe hannu yana kallo. Sai ta kwana biyu ta huce sannan ya tace ta da tsohon ƙyalle, ya jefa gishiri, ya ɗiga 'yar bula. Aikin ya cinye masa hannaye. Tafukansa sun tsattsage sun warke sun sake tsagewa, har zanen yatsunsa ya goge.

Wanda bai saba ba, ranar farko sai ya yi zaton an cuce shi. Farar ƙasa ba ta hawa bango da farinta. Ruwa-ruwa take hawa, toka-toka, kamar ruwan wanke-wanke. Maigida ya leƙo ya ga ɗakinsa ya fi ɗazu muni, ya fara ƙunƙuni. Balbela ba ya cewa komai sai, "Ku ba ta lokaci." Ya sami gefe ya zauna. Can sai farin ya fara fitowa daga cikin bangon da kansa, daga sama kusa da taga inda iska ke bugawa, yana gangarowa a hankali, har ɗakin ya ɗauki haske kai ka ce an ɗaga rufin. Mutane kan yi shiru su yi ta kallo. Shi kansa da ya tsufa a cikin aikin, har gobe baki buɗe yake kallon wannan abu, kuma bai taɓa jin ya saba da shi ba.

Akwai abu ɗaya da yake yi wanda masu gaggawa suka daɗe da dainawa. Kafin ya tsoma buroshi, sai ya jiƙa bangon sharkaf da ruwa zalla. Busasshen bango mai ƙishirwa ne, in ka ɗora masa farar ƙasa a haka zai zuƙe ruwanta, ta yi ɓawo ta zube. To amma tsohuwar farar ƙasa in ta sha ruwa farinta ɗaukewa yake, ta koma kamar siririn labule, duk abin da aka rufe a ƙarƙashinta ya leƙo. Har sai ta bushe sannan ya sake ɓuya.

Ta nan Balbela ya san unguwar fiye da kowa. Ya ga hayaƙin fitila na shekarun da gida ba shi da wuta. Ya ga zanen mota da yaro ya yi da gawayi, yaron da yanzu ya yi furfura. Ya ga maiƙo a daidai inda mai jinya ya daɗe yana jingina kai kafin ya tafi. Ya kuma ga wasu abubuwan. Feshin wani abu mai ruwan ƙasa a bayan ƙofa, daidai tsayin kan mace. Shatin tafin hannu da ya dafa bango ya zame ƙasa. Ba wanda ya koya masa karanta waɗannan, yawan gani ne. Yakan duba, ya sunkuyar da kai, ya tsoma buroshi.

Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Shi ya sa ake shigar da shi ƙuryar ɗakin da ko ɗan'uwa ba ya shiga, a janye gado da kabad a gabansa ba a jin komai. "Balbela ai ba shi da baki," in ji magidanta, suna yaba shi. Shi ma yana ɗaukar abin a matsayin rufin asiri, yana sa ran lada. Kuma ba za a ce duk ƙarya ba ne. Ya sha shafe wa talaka ɗaki ana gobe baƙi za su zo, ya fita da fuskarsa. Ya sha shiga ɗakin da aka yi rasuwa ya mayar da shi wurin da mai rai zai iya kwana. Sai dai mutane, Allah ya shirye su, sun fi son mai gani ya yi shiru a kan makaho, don shirunsa yana sa su ji kamar abin ma bai faru ba.

Bakin da ya rasa matarsa ce ta samu, har da ƙari. Rediyo ake ce mata a bayan idonta, ta kuma sani. Takan ce Allah ne ya haɗa rediyo da bango aure, ita tana ta yi, shi yana tsaye. 'Ya'yansu maza duk sun gudu daga duron, kowa ya kama wata sana'ar da ba ta cin hannu. Mace ɗaya ce, ita ce ta ƙarshe, kowa Auta yake ce mata. Tana ƙarama takan maƙale masa sai ya tafi da ita wurin aiki, kuma ba farin take zuwa gani ba, jiƙon take so. Ta tsaya da kofi tana watsa ruwa tana tsalle tana nuna abin da ya fito. Yarinya ce mai dariya, irin dariyar da ake ji daga bakin titi.

Ita ta zaɓi mijinta, ba wanda ya sa baki. Mai gidan burodi ne a bakin kasuwa, mutum mai fara'a da tsabta, kullum cikin fararen kaya, gari har gira. Rediyo ta ce shi ke nan, gidansu ya zama gidan farare, uba fari suruki fari. Ladabi kuwa ba a magana. Tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa, kuma mako bai taɓa wucewa bai aiko da burodi mai zafi ba. Duk unguwa ana cewa Auta ta dace.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Balbela a rai. Tunda aka kai Auta gidan hayar da suke zaune, Mai Burodi bai taɓa barinsa ya taɓa bangon ɗakinta ba.

"Haba Baba," yakan ce yana murmushi, "kai da kanka a kan tsani a ɗakina? Ai sai duniya ta zage ni."

Ga shi kuwa ɗakin kullum cikin sabon shafe yake. Balbela in ya je gaishe su a falo ake ajiye shi, amma ta gefen labule yana hango bangon ciki, kuma abin da yake hangowa ɓata masa rai yake. Shafe ne na wanda bai iya ba, mai kauri, gudaji-gudaji, nan tudu can kwari. Wata rana ya kasa haƙuri.

"Auta, wa ke yi muku wannan aika-aikar?"

"Shi yake yi da kansa, Baba, in ya sami sarari."

"Da cokali yake yi?"

Ta yi 'yar dariya, ta gyara labulen.

Rediyo ita ba bango take kallo ba. Ta lura yarinyar ta rage zuwa gida, in ta zo kuma a bakin kujera take zama, kamar mai jiran a kira ta. Ta lura ɗankwalin ya fara saukowa har gira. Wata rana haƙorin gaba ya zo a gutsure, Auta ta ce ƙofar kabad ce. Uwar ta ja ta ɗaki ta tambaye ta, ta rarrasa, ta yi faɗa, amsar dai ɗaya ce, lafiya lau.

"Yarinyar nan ta daina dariya," ta ce wa mijinta. "Kai ba ka ji ba?"

"Girma ne."

"Girman uwa! Ni ban girma ba? Ka taɓa jin na yi shiru? Balbela, wallahi akwai abin da ke cin 'yata a gidan nan."

Ya ce ta bar mutane su yi zaman aurensu. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Tsoron ya daɗe a cikinsa, kuma duk sanda ya motsa sai ya mayar da shi mitar shafe, ya yi ta faɗan gudaji da tudu da kwari, don wannan faɗan ya fi sauƙi.

Ana nan Auta ta sami ciki. Ya tsufa har tana tafiya tana dafa baya, sai wata safiya ga ta ita kaɗai a bayan gida, inda yake tsaye kan duro yana juyawa. Ta zauna a kan bulo ta daɗe tana kallon hannunsa.

"Baba, so nake ka zo ka yi mini ɗakina kafin in haihu."

Ya tsaya da juyawar. "Ni?"

"Kai. Gobe, in ya fita aiki."

"Ya sani?"

"Ni nake so."

Bawan Allah, murna ya yi. Duk karatun bangon da ya iya, bai karanta fuskar 'yarsa ba. Ya yini yana tace farar ƙasa da sabon ƙyalle, ya ɗauko buroshin da ya daɗe yana ajiya bai taɓa tsomawa ba. Rediyo ta ce ko ɗakin amarya bai taɓa yi wa wannan rawar jiki ba. Ya ce ai jikansa ne zai buɗe ido a ciki.

Gidan hayar ɗakuna ne a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya a tsakiya, igiyoyin shanya sun ratsa ko'ina. Ya iso rana ta ɗan ɗaga, mazan sun watse, mata na ta harkokinsu. A ɗakin da ke jikin na Auta keken ɗinki na ta ƙara. Ya janye gado, ya fitar da kabad da akwatuna, ya hana ta ɗaga ko tsinke. Ta ɗauko kujera 'yar tsuguno ta zauna a bakin ƙofa, ta haɗa hannu a kan cikinta.

Ya tsaya tsakiyar ɗakin ya girgiza kai. "Ki ga ɓarna, don Allah." Ya cika bokiti a famfo, ya ɗebo da kwano, ya watsa.

Ruwan ya bi bangon ya gangaro, farin ya fara ɗaukewa. Ya ƙara kwano, ya ƙara wani. Sai ya ga ashe ba a taɓa shafe ɗakin gaba ɗaya ba. Faci ne, faci a kan faci, kowane da kaurinsa, kowane da ranarsa. Kuma a ƙarƙashin kowanne akwai abin da aka rufe.

A bayan ƙofa feshi ne, daidai tsayin kanta. Ya san tsayin, don ta kafaɗarsa take tsayawa. Kusa da taga wani rami ne da aka cike da farar ƙasa zalla, kewaye da tabo. Gefen da gado yake, shatin hannu ne, ƙaramin tafi mai siraran yatsu, ya dafa ya ja ƙasa. Wasu sun tsufa sun koma ruwan ƙasa, wasu ba su kai nan ba. Bai daina watsa ruwan ba, hannunsa ne ke yi shi kaɗai, bangon kuma yana ta fito da su ɗaya bayan ɗaya har kusurwa huɗu suka cika. Na ƙarshe a ƙasa yake, a lungu, inda mutum zai kai in ya durƙushe ya dunƙule yana kare cikinsa. Shafen kansa siriri ne, an yi shi cikin sauri, jan bai gama mutuwa ba.

Ya juya ya dubi ƙofar. Sai a lokacin ya ga sakatar ta waje take. Ya sha wucewa ta gabanta.

Kwanon ya faɗi daga hannunsa.

"Auta. Kin san zan jiƙa shi."

"Na sani, Baba."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Bakin ne ya ƙi. Na sha zuwa da niyyar faɗa wa Inna, in na buɗe baki sai in ji na ce lafiya lau." Ta shafa cikinta. "Ni na saba. Wannan ne bai saba ba. Ranar nan yini ya yi bai motsa ba, na ɗauka ya tafi."

Balbela ya dafa tsani. Baƙin ciki ya taso masa da kunya da wani irin fushi da bai san yana da shi ba. Ita kuwa tana gama faɗa sai tsoro ya dawo mata. Ta waiga tsakar gida, ta rage murya.

"Ka gani, ya isa. Dama so nake wani ya gani. Yanzu shafe, Baba, kafin wata ta leƙo. Ka yi shi da kyau yadda ba zai gane ba."

Ya ɗauki sabon buroshin, don abin da hannunsa ya sani ke nan. Ya tsaya a kan bokitin farar ƙasar da ya yini yana tacewa. Sai ya ɗaga kai. Can sama kusa da taga iska ta fara aikinta, farin ya fara dawowa, yana gangarowa a hankali yadda ya saba. Ya ga ya cinye gefen ramin nan, ya doshi shatin hannun. Ko bai tsoma buroshi ba, nan da ɗan lokaci ɗakin zai koma fari tas, kamar ba a taɓa yin komai a cikinsa ba. Abin da ya yi rayuwarsa yana kallo da sha'awa, ranar tsigar jikinsa ce ta tashi.

Ya ajiye buroshin. Ya ɗauki bokitin ruwa ya sheƙa wa bangon gaba ɗaya. Ya fizge labulen ƙofa, ya buɗe taga, ya fita tsakar gida.

"Jama'ar gidan nan!" Ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya, har wata ta saki kwano. "Ku zo ku ga aiki!"

Suka taho da fara'arsu, sun ɗauka farin za a nuna musu. Na gaba suka tsaya a bakin ƙofa, fara'ar ta ɗauke. Na baya suka leƙo ta kafaɗarsu. Ba wadda ta tambayi mene ne wannan. Bango ɗaya ya raba wasu da ɗakin, sun daɗe suna ji suna ƙara sautin rediyonsu. Amma ji daban, gani daban. Wata ta toshe baki da mayafi, wata ta fara salati a hankali.

Auta ta dunƙule a kan kujerarta tana kuka. "Baba ka tona mini asiri. Baba don Allah."

Ya koma famfo ya cika bokiti, ya dawo ya watsa inda ya fara bushewa. Ya sake komawa. Haka ya yi ta yi, tsakanin famfo da bango, ruwa ya cika ɗakin yana fita ta ƙofa. Ya jiƙe shi ma sharkaf, farar ƙasar jikinsa ta wanke ta bi rariya. Labari ya fita titi, masu shago da masu wucewa suka shigo, tsakar gida ta cika, amma shiru kake ji sai ƙarar famfo da ta ruwa a jikin bango.

Mai gidan hayar, wani dattijo mai tumbi, ya iso yana haki. Ya leƙa, ya ja baya, ya kama hannun Balbela ya ja shi gefe.

"Haba Balbela, kai da ba a san ka da haka ba? Wannan ai maganar cikin gida ce. A rufe ƙofar nan, a jira yaron ya dawo, a zauna a sasanta. Kai ne fa mai rufa wa mutane asiri."

"Sakar mini hannu," in ji Balbela, "can gefen yana bushewa."

Da ya dawo famfo sai ya tarar da wata mata tsaye a wurin, igiyar awo a wuyanta. Mai ɗinkin ɗakin kusa ce. Ba ta kai Rediyo shekaru ba, amma muƙamuƙinta ya ɗan karkace, maganarta ta gefe take fita. Ya gane ta. Kafin su dawo nan a wani layi suke, ita da mijinta direba.

"Nawa ɗakin ma ka jiƙa shi," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Ba sau ɗaya ba."

"Na jiƙa."

"Ka gani?"

"Na gani."

"Ka shafe, ka ce mini Allah ya sa albarka, ka tura baronka."

Ya tsaya da bokiti a hannu, ruwa na zuba ta baki. Ta dube shi ta dube shi, sannan ta sa hannu ta kashe masa famfon.

Ya juya zai koma, sai ya ga Auta ta miƙe. Ta share fuska da gefen zani, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki kwanon da ya yar. Ta ɗebi ruwa a bokitinsa, ta taka har lungun nan na ƙasa, ta watsa da hannunta. Sannan ta juyo ta fuskanci mutane, ta tura ɗankwalinta baya.

A haka Mai Burodi ya same su, don wani ya ruga ya gaya masa. Ya shigo da gari a gira, ya ratsa mutane yana murmushin nan nasa, ya cire takalmi a cikin ruwan ya durƙusa.

"Baba, sannu da aiki. Ai da ka faɗa mini. Mu shiga ciki mu yi magana, abin bai kai haka ba."

"Ga cikin nan," in ji Balbela, ya matsa masa.

Mai Burodi ya ɗaga kai. Ɗaya-ɗaya ya riƙa rufe abubuwan da ke jikin bangon nan, kowanne da safiyarsa, yana rufewa yana mantawa. Bai taɓa ganinsu a haɗe ba. Idonsa ya bi bangon daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa lungu, murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya buɗe baki ya ce shaiɗan, bai ƙarasa ba. Da ya miƙe ya kai hannu wajen Auta, sai ya tarar da tsohon a gabansa, dogo, baƙi, ruwa na ɗiga daga gemunsa, mai ɗinki a gefensa, sauran matan a bayanta. Ba wanda ya taɓa shi. Shi da kansa ya mayar da hannun.

Balbela ya juye farar ƙasar a rariya, ya ɗora akwatin Auta a baro. Suka fito da rana tsaka, yana turawa a hankali daidai tafiyarta, ita tana dafe da hannun baron. Mutane suka yi cirko-cirko a bakin shaguna suna kallo. Rediyo na ganinsu daga ƙofa ta gane. Ta rungume 'yarta ta shige da ita, sai da ta kwantar da ita ta rufa mata zani sannan ta fito ta buɗe baki, kuma ranar har layi na uku an ji ta.

A gidan Auta ta haihu, namiji, lafiyayye, mai ƙarar kuka irin ta kakarsa. Dangin Mai Burodi sun yi ta sintiri da ban haƙuri, Auta ta ce ba ta komawa, Balbela ya ce musu sun ji. Auren ya mutu. Dariyar ba ta dawo da wuri ba, sai da yaron ya fara rarrafe, ran nan ya tsoma hannu a tukunyar bula ya shafe fuska, aka ji ta daga bakin titi.

Sana'ar kuwa ta ja baya. Gidaje da yawa suka daina kiransa, wasu magidanta in sun hango baronsa sai su tsallaka titi. Aka ce tsufa ya taɓa shi, ya zama mai tonon asiri. Ya san gidajen da suka daina, ya kuma san bangon kowannensu, abin da ke hana shi sakewa ke nan. Inda ake kiransa har yanzu, ya ƙara wa aikin abu ɗaya. In ya jiƙa bango ya ga abin da ya gani, sai ya kira matar ɗakin ita kaɗai, ya tsaya gefe ya ce, "In shafe?" Ba ya taɓa buroshi sai ta amsa. Da yawa sukan ce shafe. Yakan shafe, amma kafin ya tura baro sai ya gaya mata inda gidansa yake.

Wata safiya yana bayan gida a kan duro, jikansa na wasa a gindin tsani, ya ji sallama. Mai ɗinki ce, ba igiyar awo a wuyanta, gefen idonta a kumbure. Ya ajiye sandar juyawa ya ba ta bulo ta zauna, ta ce a tsaye ma ya isa.

"Ɗakina nake so ka zo ka yi mini. Yau, yana gida, 'yan'uwansa ma suna nan."

Ya ce to, ya juya zai ɗebi farar ƙasa.

"Bar ta," ta ce. "Bokiti kawai za ka ɗauko. Akwai ruwa a famfo."

Ya ɗauraye bokitin, ya jefa kwano a ciki, ya bi bayanta.